Ranar da Jiniyar Gidan Gas Ta Yi Shiru

Da hantsin wata Talata cikin watan Agusta, bayan an kwana ana yayyafi, wuta ta tashi a gidan gas na Hajiya Kulu da ke bakin hanyar Zango, a gefen garin Daura. Tiyon da ake ɗura gas a tukwane ne ya tsage. Iskar ta malala a ƙasa kamar ruwa, ma'aikata kuwa hancinsu ya saba da warin, ba wanda ya ankara har wani mai saye ya tayar da babur a bakin rumfa. Badaru, mai ɗura gas, shi ya kutsa cikin harshen wutar ya murɗe kan famfo. Allah ya taƙaita, ba ta kai ga babban tanki ba, amma Badaru ya fito fatar hannuwansa ta saɓule har gwiwa.

Abin da ya tsaya wa mutane a rai ba wutar ba ce. A jikin bangon rumfar, daidai gwiwar mutum, akwai na'urar da aka girke don ta shinshino gas. In ta ji shi takan tsinke da jiniya, ta kashe famfo da kanta. A ranar ko tari ba ta yi ba. Fitilarta tana nan kore shar, kuma a murfinta ga takarda liƙe da ke shaida cewa Hafizu mai saitin na'urori ya duba ta kwana goma sha tara da suka wuce.

Kafin azahar unguwa ta gama yanke hukunci. Aka ce Hafizu takarda kawai ya liƙa ya tafi. Da ya ji labari ya taho da ƙafarsa, matasa suka yi masa ca, sai da 'yan Hisba suka yi masa katanga da jikinsu kafin 'yan sanda su iso su tafi da shi. Dangin Badaru suka ce gaban alƙali za su je neman haƙƙin hannuwan ɗansu. Maƙwabta suka ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai an rufe gidan.

 Da la'asar Hajiya Kulu ta aika mota Baure a ɗauko mata Malam Ya'u.

Malam Ya'u mai bin sawu ne, ɗan shekara sittin da uku, siriri, mai tafiya kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Shekara arba'in ya yi yana bin shanun sata daga Baure har bakin iyaka, shi ne ma ya taɓa dawo wa mahaifin Hajiya da bijimai bakwai. Ya tsaya a tsakar gidan gas ɗin da safiyar Laraba, ya dubi ƙasa, ya girgiza kai.

"Hajiya, ai nan kasuwa aka ci. Ƙafa ɗari ta taka wurin nan. Ni kuma shanu na sani, ban san injin ba."

"Na sani, Malam Ya'u," in ji ta. "Amma shekara biyar yaron nan yana yi mini aiki, ban taɓa kama shi da ha'inci ba. In shi ne, ka gaya mini shi ne, in haƙura. In ba shi ba ne, kada a ɗaure ɗan mutane da sunana."

Wani saurayi fes, da farar shadda da agogo, ya matso ya gaishe shi. Mahdi ke nan, manajan gidan, ɗan ƙanin Hajiya, wanda ta riƙa tun yana firamare.

"Gwaggo tausayi ne da ita, Baba," ya ce. "Amma magana a fili take. In ma ba Hafizu ba ne, to a dubi Sada mai gidan burodin bayanmu. Sau uku yana kai ƙararmu wajen mai unguwa a tashe mu."

Malam Ya'u ya ce to. Idonsa yana ƙasa, kamar kullum, har saurayin ya juya ya koma ofis.

Ya zagaya bayan katanga, inda ƙafar jama'a ba ta kai ba. Nan ya sami sawu sabo a cikin laimar ƙasa: silifas, na dama an ɗinke maɗaurinsa da waya, kuma mai shi ya ɗora ƙafa a kan wani bulo ya leƙa ciki, ba sau ɗaya ba. Ya bi sawun ta cikin gonar gyaɗa, ya tsallake kwata, ya kai shi har bakin tanda.

Sada yana zare burodi da doguwar cebur. Da ya ga inda tsohon yake kallo, sai ya ajiye cebur ɗin.

"Sawuna ne, ba sai ka wahala ba. Kullum da safe kafin in hura tanda sai na hau bulon nan na shaƙi iskar gidansu. Ina da 'ya'ya shida a bayan katangar nan, Malam. Kai in kai ne, za ka kunna wuta kusa da tankin can ba ka leƙa ba?"

"An ce ba ka son gidan."

"Ba na son sa, kuma a gaban Hajiya ma na faɗa. Amma ni in kashe na'ura? Ai ita ce mai gadina! Duk da ta ci mini mutunci ranar sunan 'yata. Ana tsakar raba goro da safe ta ɓarke da kuka, baƙina suka watse, liman ya bar takalminsa ɗaya."

"Wace rana ce?"

"Alhamis. Gobe kwana goma sha huɗu ke nan."

Malam Ya'u ya lissafa a yatsunsa. Hafizu ya yi aikinsa ranar Alhamis, jiniya ta yi kuka Alhamis ɗin da ta biyo. Ya sayi burodi ɗaya, ya yi sallama.

A asibiti ya tarar da Badaru kwance, hannuwansa naɗe da bandeji, matarsa Rauda tana ba shi kunu da cokali. Bai daɗe ba, tambaya biyu ya yi.

"Na'urori uku ne a gidan. Wacce ta yi kuka ranar sunan gidan Sada?"

"Tawa ce, Baba, ta rumfa. Wata mata ta kawo tukunya mai yoyo a wuya. Ina ajiye ta kusa da bango sai jiniya, famfo ya ɗauke."

"Daga ranar ta sake kuka?"

Badaru ya girgiza kai. "Ba ta sake ba. Har na ce wa Kalilu maigadi kwana biyu tsohuwa ta yi sanyi. Mukan ce mata tsohuwa, don ba ta raga wa kowa."

Rauda ta share hawaye da gefen mayafi. "Malam, in Hafizu ne ya jawo mana wannan, ban yafe ba."

"Riƙe yafiyarki tukuna, 'yata," in ji shi. "Kada ki ba da ita, kada kuma ki hana, sai kin san mai ita."

Sufeto Abdulmuhaimin, wanda binciken yake hannunsa, ya san Malam Ya'u tun wata shari'ar raƙuma, don haka ya sa aka fito masa da Hafizu. Saurayin ya zauna a benci, leɓensa a kumbure, rigarsa a yage.

"Ɗana, ni ban san aikinka ba. Koya mini kamar yadda za ka koya wa makiyayi."

Hafizu ya ɗago. "Baba, na'urar nan hanci ce. Hanci kuwa yakan toshe mai shi bai sani ba. Ko ta mutu murus fitilarta kore za ta ci gaba da nunawa. Hanya ɗaya ce ake gane mai rai. Ina da 'yar tukunya mai gas ɗin da aka san ƙarfinsa. Da farko in ba na'urar iska mai tsabta, in ga ta tsaya a sifili. Sannan in kafa mata kofin gwaji a baki in sakar mata gas ɗin. Dole ta nuna hamsin. In ta nuna arba'in ko sittin, in juya ta har ta dawo daidai. Shi ne saiti."

"Duk yaushe ake yi?"

"Masu ƙera ta sun ce duk wata shida. Ni kuwa na sha faɗa cewa nan ga zafi, ga laima, ga ƙwari, wata shida ya yi nisa. Na ce a yi saiti duk wata uku, a kuma riƙa shaƙa mata gas kaɗan duk mako, a ji ko za ta yi kuka. Minti biyu ne. Manaja ya ce neman suna nake yi wajen Hajiya. Wallahi Baba, duka ukun na yi musu saiti. A gwada sauran biyun a gani."

"An gwada, lafiyarsu lau," in ji Sufeto. "Sai dai wannan ba ya wanke ka. Mutum na iya yin biyu ya gaji a ta uku."

Ya buɗe kabad ya ɗauko na'urar da aka kwance daga rumfa. Ƙarfe ce mai nauyi, girman ƙwarya, hayaƙi ya baƙanta gefenta. Ya kifa ta, ya nuna cikin 'yar hular da ke kare bakinta daga ruwan sama.

"Duba nan, Malam Ya'u. Gidan zanzaro ne ya toshe bakin. An kankare na waje, na ciki yana nan. Ta ina ya kafa kofin gwajin nasa?"

Hafizu ya zaro ido. "Wallahi babu wannan ranar da na zo!"

Malam Ya'u ya karɓi na'urar ya kai ta bakin taga. Ya daɗe yana kallo. Ɗakunan zanzaron duk a huje suke, 'ya'yan sun ƙyanƙyashe sun tashi tuntuni, har gizo-gizo ya yi saƙa a ɗaya. Wannan gida ya fi damina ɗaya a duniya. Ta gefen da ke kallon bango kuwa, ginin ya karye, karaya mai baki uku, alamar da can yana manne da wani abu aka fizge shi. Ya ɓantari ɗan ƙwaya da farce, ya murje a tafin hannunsa, ya karkata shi ga rana.

"Yallaɓai, wace irin ƙasa ce a gidan gas ɗin Hajiya?"

"Rairayi mana, fari."

"Wannan ja ce."

"Wuta ta gasa ta."

"Na ga wani gidan zanzaro a ginshiƙin rumfar da safe, wuta ta lashe shi fiye da wannan, baƙi ya yi, bai yi ja ba. Kuma wuta ba ta zuba wa laka ƙyalƙyali. Duba." A cikin garin jar ƙasar wasu 'yan ƙwayoyi suna walƙiya kamar an daka madubi. "Zanzaro ba ya zuwa fatauci, Yallaɓai. Inda ya ga laka kusa, nan yake ɗiba. Ba a Daura aka gina gidan nan ba."

"Amma ga lambar na'urar a murfi, daidai da ta takardar Hafizu."

"Murfin kwancewa yake yi?" Malam Ya'u ya tambayi Hafizu.

"Noti huɗu ne kawai, Baba."

"To, hula ce. Ni ma in na sa hular Sufeto ba zan zama Sufeto ba. Na'urar da ka yi wa saiti ta yi kuka bayan tafiyarka da mako guda, mutum biyu sun shaida. Wannan kuwa ta daɗe da mutuwa. Wani ya ɗauke mai rai ya kawo gawa, ya sa mata hular mai rai."

Sufeto ya zauna a hankali. "Ina za a sami mai ran?"

"Ka ba ni gobe."

A duk ƙasar Daura wuri biyu Malam Ya'u ya sani da irin wannan laka, don ya sha ganin ta a kofaton shanu. Ɗaya can cikin daji ne, babu gini kusa. Ɗayan kuwa kududdufin Tudun Marke ne, wani ƙauye a bakin titi kafin a shiga Dutsi, inda mata ke haƙar yumɓu. Da sassafen Alhamis ya hau motar haya ya sauka a nan.

Ya tarar da wata dattijuwa, Talatu maginiya, tana jera tukwane a rana. Bayan gaisuwa da tambayar damina, ya ce ko akwai mai sayar da gas a nan kusa.

"Da akwai," in ji ta, ta nuna da haɓa. "Ga shagon can bayan kududdufi. Shekara huɗu yana rufe tun da mai shi ya rasu, zanzaro da jemagu suka gaje shi. Bana wani ya saya, an yi fenti. An ce jira ake masu dubawa su zo daga Katsina su ba da izini."

"Wa ya saya?"

"Oho. Yakan zo a babur da hular kwano, ba ya gaida kowa. Ran Juma'a ta sama ma ya zo ana tsakar huɗuba, da abu a buhu. Na ce wannan wane irin Musulmi ne?"

Malam Ya'u ya zagaya kududdufin. Jar laka ba kamar rairayi ba ce, in ta karɓi sawu takan riƙe shi kamar amana. A ƙarƙashin zanon da ke gaban shagon, inda ruwa ba ya duka, ya ga sawun babur, tayar baya da faci a gefe. Kusa da shi ga sawun mutum. Ƙafar hagu tana buɗewa waje, dunduniyar tana ɗan jan ƙasa kafin ta tashi, tsawon yatsa biyu. Ya durƙusa ya auna da tafin hannu, duk da bai buƙaci awon ba. Ya riga ya ga wannan tafiyar jiya.

Ya leƙa ta wayar shinge. A jikin bango, daidai gwiwa, ga na'ura irin waccan sak, jikinta sabo, murfinta rana ta kodar da shi. Mai fenti ya zagaye ta bai taɓa bayanta ba. A nan, manne da siminti, ga guntun jar laka, karyayye.

Tsohon ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ciro 'yar wayarsa daga aljihu.

"Yallaɓai, ka taho da takardar izinin bincike. Ka taho da kurfin sassaƙar siminti da guduma, da mai hannu mai taushi."

Ranar Asabar da hantsi aka taru a tsakar gidan gas, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Mai unguwa yana kan kujera, Hajiya Kulu a gefensa, Rauda da surukanta a tabarma. Jama'a sun cika bakin ƙofa har kan katanga. Tun da asuba Malam Ya'u ya sa aka share mashigar ƙaramar ƙofa, aka yayyafa ruwa, aka ce mutum huɗu ne kaɗai za su bi ta nan: Hafizu, Sada, Kalilu maigadi, da Mahdi.

Sufeto ya ɗora na'urori biyu a tebur, da wani kwano rufe da ƙyalle.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Ya'u, "ni ba mai dogon zance ba ne. Na fara zargin Sada, don sawunsa na gani a bayan katanga. Ashe tsoro ne ke kai shi, ba mugunta ba. Na zargi Kalilu, don yana da mabuɗi."

"Ni?" Kalilu ya dafe ƙirji. "Wallahi ko fitilar gidana ta mutu sai na kira maƙwabci!"

Aka yi dariya, har mai unguwa.

"Na sani. Kuma liman ya shaida kana sahun gaba ranar Juma'ar da ake magana. A ranar gidan nan a kulle yake, kowa ya tafi masallaci. Wani ya dawo da mabuɗi, ya kwance na'urar rumfa, ya ɗaura matacciya a madadinta, ya musanya murafensu. Ga matacciyar. Ga kuma wadda muka samo a wani shago a Tudun Marke."

Ya yaye ƙyallen. A cikin kwanon ga ɓallin siminti da aka sassaƙo daga bangon shagon, da guntun jar laka a jikinsa. Ya ɗauki matacciyar na'urar, ya kifa ta, ya matso da ɓallin a hankali. Karaya mai baki uku ta shige cikin 'yar'uwarta, ba ko tsaga. Mai unguwa ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Ikon Allah!"

"A bangon can wannan ta shekara huɗu. Mai sabon shago ya san masu dubawa za su shaƙa mata gas, ya san ba za ta yi kuka ba. Sai ya zo ya ɗauki ta Hajiya."

Mahdi ya gyara tsayuwa. "To ai sai a nemo mai shagon, Baba. Mu me ya haɗa mu da Tudun Marke?"

"Takardar shagon da sunan wani abokinka take, Kabo, yana hannunmu tun jiya," in ji Sufeto. "Ya ce aron sunansa aka yi."

"Ƙarya yake yi! Ni rabona da hanyar Dutsi tun bara."

Malam Ya'u bai ɗaga murya ba. "Ranka ya daɗe, a taso a ga wani abu."

Ya kai su bakin ƙaramar ƙofa. A kan jiƙaƙƙen rairayi ga sawu huɗu a jere, kowanne a fili kamar rubutun allo. Ya nuna na ƙarshe da sandarsa. Ƙafar hagu a buɗe, dunduniya ta ja ƙasa yatsa biyu. Sufeto ya miƙa wa mai unguwa wayarsa, da hoton sawun da ke gaban shagon.

"Ba takalmina ba ne wannan!" in ji Mahdi.

"Gaskiyarka, wancan kambas ne, yau kuwa sau-ciki ka sa. Takalmi akan canza, ɗana. Tafiya kuwa da ita aka yaye ka. In kana so mu je ga babur ɗinka, akwai faci a tayar baya, kuma ka wanke shi tas amma ka manta ƙarƙashin sirdi. Na sa yatsa jiya, ja ya fito, yana ƙyalli."

 Hajiya Kulu ta taso, ta tsaya a gaban yaron da ta raina. 

"Mahdi, dube ni. Kai ne?"

 Mahdi ya zube a kan rairayin.

"Gwaggo, aro na yi. Wallahi aro na yi. Na ce in masu dubawa sun zo sun tafi zan mayar da ita, kwana uku kawai. Sai suka ɗaga zuwan. Na ga fitilar kore ce, na ce ba abin da zai faru, wata shida ma ake yi ba a duba ta ba..."

"Da ka ce kana son shago, da ban buɗe maka ba?" in ji ta. "Ka bar bayin Allah suna aiki a kan wuta kwana goma sha ɗaya. Ka tsaya kana kallo ana dukan Hafizu. Sannan ka nuna mini Sada." Ta juya ga Sufeto. "Yallaɓai, ɗana ne, amma ba zan roƙa masa komai ba. Abin da alƙali ya yanke shi ne. Jinyar Badaru da iyalinsa kuwa a wuyana suke har ya warke."

Aka ɗaga Mahdi aka sa a mota. Wasu matasa suka fara yunƙurin bin motar, mai unguwa ya daka musu tsawa.

"Ku tsaya nan! Ran Talata ma haka kuka yi, kuka fasa wa marar laifi baki. Ku zo ku ba shi haƙuri tukuna."

Suka zo ɗaya bayan ɗaya, kai a ƙasa. Rauda ma ta matso, ta durƙusa daga nesa. "Malam Hafizu, na yi maka mugun zato. Ka yafe mini."

"Babu komai, Allah ya ba Badaru lafiya," in ji shi. Sai ya juya ga Sufeto. "Yallaɓai, alfarma ɗaya nake nema. A ba ni jakata. An ce ban yi aikina ba a gaban jama'a, ina so a gani a gaban jama'a."

Aka kawo jakar. Ya mayar da na'urar da aka samo daga Tudun Marke mazauninta a bangon rumfa, ya haɗa wayoyinta, ya jira ta ɗumama. Ya ba ta iska mai tsabta, ta tsaya a sifili. Ya ce mai unguwa ya matso ya karanta da idonsa, kada a ce ya taɓa wani abu. Sannan ya kafa kofin gwaji, ya buɗe 'yar tukunyar.

"Goma," in ji mai unguwa. "Ashirin..."

Jiniya ta tsinke da kuka, kukan da ya tashi tattabarun unguwa gaba ɗaya. Ba wanda ya gudu.

"Arba'in da takwas. Arba'in da tara. Hamsin! Ta tsaya a hamsin!"

Bakin ƙofa ya ɗauki kabbara. Wata tsohuwa a kan katanga ta rangaɗa guɗa, wasu suka amsa mata. Matasan da suka yage wa Hafizu riga su ne suka ɗaga shi sama, yana ta cewa su sauke shi ya rufe tukunyar gwaji, gas ɗin tsada ne da shi.

Da hayaniya ta lafa, Hajiya Kulu ta ce a saurara.

"Daga yau saiti duk wata uku, kamar yadda Hafizu ya faɗa tun farko ban ji ba. Gwajin kuka kuwa duk Litinin da safe, kafin a sayar da ko tukunya ɗaya. Kuma ba a ofis za a rubuta an yi ba. Unguwa ce za ta ji da kunnenta. Duk Litinin ɗin da ba ku ji jiniya ba, ku zo ku rufe mini gida da kanku."

Mai unguwa ya dubi Sada. "Kai ne mai ƙara. Ka yarda, ko a tashe su?"

Sada ya sosa ƙeya, ya dubi na'urar, ya dubi Hajiya.

"Ranka ya daɗe, na janye. Amma da sharaɗi. Ni zan riƙa riƙe wa Hafizu tukunyar gwajin."